Abin da Ke Ƙirjin Nimia

Playa Honda, bakin Kogin Atrato
12 ga Satumba, 1987

Zuwa ga Nimia, autata,

Gaisuwa mai yawa daga bakin ubanki, Nicomedes Ibargüen, ta hannun kompadre Ceferino, wanda ya riƙe ki a gaban Fada ranar baftismarki, wanda kuma yanzu yake riƙe da alƙalami yana ɓata mini rai da nawarsa. Ina lafiya. Gwiwar hagu tana nan da halinta, tana riga gajimare sanin za a yi ruwa, kin kuwa san nan kullum za a yi ruwa. Yayanki Eulogio da iyalinsa suna lafiya, suna gaishe ki.

Labarinki ya zo mini a bakin mai kwalekwalen inji, ba a bakinki ba. Yana sauke buhunan gishiri ya ɗago kai ya ce, "Don Nico, an ce 'yarka ta Bogotá ta sauka. Namiji. Amma bakwaini ne, kuma da wuƙa aka ciro shi." Haka ya faɗa, kamar mai faɗin an ƙara wa kananzir kuɗi. Na ce masa na ji. Na hau gida na zauna. A ranar, kifin da matar Eulogio ta kawo mini, kyanwa ce ta ci.

A zuri'armu ba a taɓa yanka mace don a ciro ɗa ba. Na zauna na bi su ɗaya bayan ɗaya, tun daga kakata Eduviges da ta haifi goma sha ɗaya a kan katakon gidan nan, har zuwa kan uwarki Tránsito, Allah ya ba ta hutu. Ban ce laifinki ba ne. Na dai ce da a nan kike, da komadre Pura ungozoma ta lallaɓa shi da hannu da man kwakwa ya zauna har watansa ya cika. Ceferino ya ce ba zai rubuta wannan ba, wai zai sa ki kuka. Na ce ya rubuta.

(Na rubuta ne don ya tsaya a kaina da sanda. Ceferino.)

To ki saurara, tunda babu uwar da za ta gaya miki. Arba'in ɗin jego ba abin wasa ba ne, balle ga wadda aka buɗe aka ɗinke. Kada ki fita. Na ce kada ki fita, ko gidan ne yake cin wuta ki tsaya ki fara ɗaura kallabi. Ki toshe kunnuwa da auduga. Kada ƙafarki ta taɓa siminti ba takalmi. Kada ki yi shara, kada ki riƙe allura, kada iskar yamma ta same ki kusa da taga. Ki sha romon kaza, kazar gida mai ƙwarin ƙashi, ba irin ta birni da an ce ko tafiya ba ta iya ba. Ki sha ruwan mazarƙwaila da kirfa da zafinsa. An ce mini sanyin garin nan yana shiga ƙashi. In ya shiga ta wurin ɗinki, ya samu gida ke nan, sai ya tsufa tare da ke. Mijin naki Arnulfo kuma ya ajiye wannan babbar motar tasa ya zauna ya yi cefane, shanun da yake ɗaukowa daga Llanos ba za su gudu ba.

In cibiyar yaro ta faɗi, kada ki bar su su jefa ta a shara. Ki naɗe ta a farin ƙyalle ki aiko. Taki tana ƙarƙashin itacen borojó na bayan kicin, ta Eulogio a gindin kwakwar bakin ruwa, tawa a wurin da ni kaɗai na sani. Na riga na share masa wuri.

Ban ce ki dawo ba. Ranar da kika shiga kwalekwale da akwatinki na ce ba zan roƙe ki ba, ni kuma ƙafata ba za ta sake taka birni ba, kuma har yau ina kan maganata. Ina dai sanar da ke ɗakinki yana nan. Eulogio ya so ya zuba shinkafa a ciki, na hana.

Allah ya yi miki albarka.
Ubanki, Nicomedes


Bogotá
24 ga Satumba, 1987

Baba, ka sa mini albarka.

Wasiƙarka ta iso, na karanta ta a tsaye, na sake karanta ta a zaune. Na ji muryarka har da tarin da kake yi kafin ka fara faɗa. Ka gaida ubangidana na baftisma Ceferino, da yaya Eulogio, da komadre Pura. Jikanka yana nan, ɗan mitsitsi, yana shan nono kaɗan ya gaji, ya huta, ya sake kamawa. Mun sa masa suna Ramón. Cibiyarsa ta faɗi tun yana cikin kwalba a asibiti, sai da na roƙi wata nas kafin ta ajiye mini. Tana nan a farin ƙyalle.

Baba, duk abin da ka hana, na yi. Ba taurin kai ba ne, ko da yake ka san inda na gada. Arnulfo ya zauna mako guda, maigidansa ya ce ko ya hau mota ko ya ba wani makulli. Ya hau.

Maganar fita kuwa, ba yadda zan yi. Kamar yadda na bayyana maka a waccan wasiƙar da na rubuto daga asibiti, kanguro ne, ba shi da hutu. Yana nan a ƙirjina dare da rana. Ba dama in kwanta, a jingine nake barci da matasai a baya. Kullum da safe sai na je asibiti an auna shi. Jiya likita ya duba ya ce ya ƙaru.

Ɗakinmu a hawa na uku yake. Da baya nake sauka, kamar kaguwa, hannu ɗaya a kan ɗinki, ɗaya a ƙirji. In na kai ƙasa sai na jingina da bango duhun idona ya washe. Misiá Berenice, mai gidan hayarmu, takan leƙo ta ce, "Ke baƙata, wata rana a matakalar nan za mu tsince ki," ta miƙo mini kofin shayi. Tana da baki amma tana da kirki. Daga nan sai tasha. Direbobin bas na garin nan ba sa tsayawa, rage gudu kawai suke yi, kai ka san yadda za ka yi. Na koyi ɗaga hannu tun daga nesa, in sa ƙafar dama tukuna, in ciji leɓe. Duk ramin da motar ta faɗa, a cikina nake jin sa. Tari nake tsoro, da atishawa, da dariya.

Mu da yawa ne a bencin asibitin, kowace ta dafe ƙirji tana jiran a kira ta. Akwai wata mata 'yar yankin Tolima da muke zama tare, tana raba mini burodinta. Tun Litinin ba ta zo ba. Na tambayi nas, ta kawar da kai.

Na sa audugar a kunne, wannan kam na bi. Kazar birni kuma gaskiyarka, romonta kamar ruwan wanke tukunya. Jiya ina cikin bas aka fara yayyafi, irin siririn nan mai sanyi, sai na tuna ruwan gida, yadda yake dukan kwano har mutum ba ya jin maganar na kusa da shi. Na yi kuka kaɗan. Wani mutum ya ɗauka ciwo ne ya tashi ya ba ni kujera, ka ga kukan ya yi rana.

Hannuna ya gaji. Kada ka damu da ni.

'Yarka, Nimia


Playa Honda
5 ga Oktoba, 1987

Nimia,

Ina gaishe ki. Kowa lafiya. Ba zan ja gaisuwa ba.

Waccan wasiƙar da kika ce kin rubuto daga asibiti ba ta zo ba. Wannan ce ta zo, a jiƙe, ruwa ya taɓa jakar mai kwalekwale. Ceferino ya shanya ta a kan murfin tukunya, ya sa tabaronsa, yana karantawa yana dariyar kaguwa, sai ya zo wani wuri ya tsaya. Na ce, "Karanta mana, ko harshenka ya ɗaure?" Ya ce, "Kompadre, bari in sha ruwa." Na ce, "Karanta." Ya karanta.

Kangro. A ƙirji. Ana aunawa. Ya ƙaru.

Kin rubuta shi a tsakiyar takarda, tsakanin maganar mota da maganar matakala, kamar mura kike faɗa mini. Kika ce kada in damu. Uwarki ma haka ta yi. Ke kina da shekara tara, ba a gaya miki komai ba, yau zan gaya miki. Muna bakin ruwa tana wankin yashi da akushinta tana neman ƙwayar zinariya, sai ta ajiye akushin ta ce, "Nico, kawo hannunka, taɓa nan." Na taɓa. Kamar ƙwallon dabino a ƙarƙashin fata. Ta ce ba ya ciwo, ta ɗauki akushinta ta ci gaba. Likitocin birnin Quibdó suna da wani dogon suna da suke kiran sa, amma tsofaffinmu kangro suke cewa, ciwon dajin da yake cin mace daga ciki. Su ma aunawa suka riƙa yi. Kullum su auna, kullum su ce ya ƙaru. Ban ga abin da awon ya tsinana ba.

A kan gadon ƙarfe ta cika, a cikin mutanen da ba su san sunan uwarta ba. Ba wanda ya yi mata waƙar rakiya. Wata mata tana goge ƙasa a gefen gadon, ko tsayawa ba ta yi ba. Ni kaɗai na yi mata waƙoƙin a cikin kwalekwale muna dawowa, ina tuƙi ina yi, babu mai amsa mini. Waƙar mamaci kuwa ba a yin ta ba amshi. Abin da ya sa na ce ni da birni har abada ke nan, ba don ke ba.

Waccan 'yar Tolima da ba ta sake zuwa benci ba, na gane. Allah ya ba ta hutu. Ba sai nas ta faɗa ba.

Yanzu ki amsa mini. Wane gefe ne? Da wannan nonon kike shayar da yaron? In kin tafi asibiti wa yake riƙe shi, wannan mata mai baki? Arnulfo ya sani ya hau mota ya bar ki? In ya sani, ki gaya masa kada mu haɗu.

A'a, ba sai kin amsa ba. Zan zo in gani da idona. Na ce ƙafata ba za ta taka birni ba, duk Playa Honda ta ji. To su sake ji: za ta taka. Kwalekwalen inji zai sauko mako mai zuwa, da shi zan tafi. Komadre Pura tana haɗa miki kwalbar saiwoyi. Eulogio ya ce in bari shi ya je, wai ban iya karanta allon mota ba. Na ce shi ya iya waƙoƙin? Ba na fatan a buƙace su. Amma 'yar Tránsito ba za ta tafi shiru a kan gadon ƙarfe ba ina da rai.

Ki ci abinci ko ba kya so. Kada ki yi komai kafin in iso. Kin ji abin da nake nufi. Ki jira ni.

Ubanki

(Nimia, 'yata, tun ranar bai zagi kowa ba. Ko ni. Ceferino.)


Bogotá
14 ga Oktoba, 1987

Baba! Ubangidana Ceferino!

Ku sa mini albarka, sannan ku zauna ku karanta wannan a hankali, harafi bayan harafi, da rana tsaka, a waje inda akwai haske.

Ba ni da kangro. Ba ni da ciwon daji. Ƙirjina lafiya lau, duka gefen biyu. Abin da na rubuta KANGURO ne, akwai U a tsakiya. Wata dabba ce ta wata ƙasa mai nisa, tana da aljihu a cikinta, a ciki take saka ɗanta har ya yi ƙwari. Kwalaben asibitin ba su isa ba, bakwaini sun yi yawa, shi ne likitoci suke ba uwa ɗanta ta ɗaura shi a ƙirji, fata da fata, daga shi sai ɗan hula da nafkin, zafin jikinta ya ƙarasa dafa shi. Mu ake kira iyaye kanguro. Abin da ke ƙirjina Ramón ne, Baba. Shi ake aunawa. Shi ne ya ƙaru!

Da na karanta wasiƙarka sai dariya ta kama ni, na riƙe ɗinkina ina cewa wayyo, wayyo. Da na kai wurin akushin Mama sai dariyar ta juye. Misiá Berenice ta hawo da gudu da ludayi a hannu, ta ɗauka ɗinkin ne ya ɓalle. Ban san a kwalekwale ka yi mata waƙa kai kaɗai ba. Ni abin da na tuna kawai, ka dawo muryarka a dushe, ka ce mura ce.

'Yar Tolima tana da rai. Ɗanta ne bai yi ba. Na haɗu da ita a kasuwa, ƙirjinta ba komai, har yanzu hannunta yana kai kansa wurin.

Kada ka taso, Baba, don Allah. Hanyar Medellín duwatsu ce da laka, gwiwarka ba za ta ɗauka ba, sanyin nan kuma ba irin wanda ka sani ba ne. Ina iyawa. Ɗinkin ya ɗan yi ruwa a gefe ɗaya, sun ce hawa da saukar ne, sun ce in huta. Na tambaye su a wane kanti ake sayar da hutun.

Na rubuta kada ka taso, kuma da gaske nake. Amma tun da na karanta "ki jira ni," duk tsohon da na hango da hular kaba a tasha sai gabana ya faɗi.

'Yarka mai rai da lafiya,
Nimia


Playa Honda
24 ga Oktoba, 1987

Nimia, 'yar baftismata,

Ni ne Ceferino, yau da bakina nake magana. Muna lafiya, mun kuma fi lafiya tun jiya.

Wasiƙarki ta zo jiya, ita da waccan ta asibiti da ta ɓata, a ɗaure da zare ɗaya kamar ba su yi laifin komai ba. Ubanki kuwa ya yi kwanaki da tafiya. Ya sa takalmi, Nimia, shi da ba ya sawa. Na Eulogio ne, sun yi masa yawa, ya cusa ganyen ayaba a ciki. Ya ɗauki kwalbar Pura, da busasshen kifi, da kyandir na zaman makoki, da ambulan ɗinki mai adireshi ya ce zai riƙa nuna wa mutane. Duk gari ya fito bakin ruwa, mata suna kuka, shi ko waiwaye bai yi ba.

Na ɗauko waccan takardar da ta jiƙe na duba a rana. To, akwai U. Amma ke ma ki ji tsoron Allah, wannan U ce ko ƙafar sauro? Ga ruwa ya taɓa ta, ga tabarona ya tsage tun bara. Kuma wa ya taɓa jin an sa wa mace sunan dabba don ta goyi ɗanta? Da na karanta wa mata a ƙofar coci, Pura ta faɗi zaune don dariya, ta ce ita tun tana yarinya ake cusa bakwaini a riga, ba wanda ya kira kowa kanguro.

Ba ni da hanyar da zan tsayar da shi. Yana can wani wuri tsakanin nan da ke, ɗauke da mutuwarki a ransa, ni na ɗora masa. Wataƙila ma ya riga wannan takardar isowa. In ya iso, ki fara nuna masa yaron kafin ki ambaci sunana.

Ubangidanki,
Ceferino Asprilla


Bogotá
2 ga Nuwamba, 1987

Zuwa ga Ceferino Asprilla, makaho,

Ina gaishe ka, don gaisuwa wajibi ce ko ga wanda ya kashe maka 'ya da baki. Nimia ce take rubutawa, ta ce in sassauta, na ce ta rubuta makaho da manyan baƙaƙe yadda za ka gani. Ina lafiya. Gwiwa ta kumbura, hancina yana zuba tun Medellín. Ka gaida Eulogio, ka ce masa takalmansa sun ci mini dunduniya. Ka gaida Pura.

Ba zan ba ka labarin hanya ba, sai na dawo, don ka ji shi a tsaye. Dutse ya zubo ya tare mu, mun kwana a mota da wani alade. Ban ga komai ba, kompadre. An ce mun wuce wurare masu kyau. Ni waƙoƙin nake bi a zuci, ɗaya bayan ɗaya, kada in zo wurin in manta baiti.

Na nuna ambulan, wannan ya tura ni can, wancan ya dawo da ni nan, suna kallona kamar ba su taɓa ganin baƙin mutum da hular kaba ba. Da hantsi na sami gidan. Wata gajeriyar mata ta buɗe, ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Kai ne uban? Tana asibiti." Na ce, "An kwantar da ita?" Ta ce, "Kullum can take, shigo ka sha shayi kafin ka daskare mini a ƙofa." Na ce ba zan shiga ba. Na zauna a dokin ƙofa da kayana.

Can sai na hango ta. Da tafiyarta na gane ta, tafiyar Tránsito ce, sai dai a sunkuye, tana bin bango. Ta rame, kompadre, wuyanta kamar na zalɓe. Ga wani babban bargon ulu ta yafa, ga abu ya turo a ƙirjinta, ya kai girman gwanda, ta tallafe shi da hannu. Na Tránsito har ta mutu bai wuce lemo ba. Na so in tashi, gwiwa ta ƙi.

Ta tsaya. Ta ce, "Baba?" Ta ce, "Baba, ka sa takalmi!"

Na ce, "Ya girma haka?"

Ta ce, "Ya girma, mun gode Allah. Yau ma ya ƙaru."

Na ce, "Kina gode wa Allah?"

Ta dube ni, ta dubi kyandir ɗin da ya leƙo daga bakin jakata. Ta ce, "Wayyo Maryamu. Wasiƙata ba ta same ka ba." Ta durƙusa a gabana a kan titi, da ɗinkin da komai, ta ɗage bargon, ta ɓalle maɓalli biyu. Na kawar da kai, ban so in gani. Ta ce, "Duba mana, tsoho mai taurin kai."

Hula na fara gani, 'yar shuɗiya. Sannan kunne. Kunnen gidanmu ne, mai lanƙwasa a sama, irin na kakata Eduviges. Abin ya buɗe ido ɗaya, ya dube ni, bai ga abin kallo ba, ya yi hamma ya koma barci.

Abin da na yi a dokin ƙofar nan ba na takarda ba ne. Mai gidan ta ce har maƙwabta sun leƙo. Ƙarya take yi, mura ce.

Yanzu ga yadda muke. Ɗinkin Nimia ya ƙi rufewa a gefe ɗaya saboda hawa da sauka da kaya a gaba. Washegari na bi ta asibiti na gaya wa likitan a dokar gidanmu mai jego ba ta fita. Ya ce a dokarsu yaro sai an auna shi. Na ce to a auna shi, amma dole a jikinta zai zo? Wata nas mai faɗi ta ce, "Kaka, ƙirji ƙirji ne, in akwai zafi a ciki. Cire riga mu gani." A gaban mata, Ceferino. Na cire. Suka ɗora mini shi a nan tsakiya, kamar ɗan kwaɗo, suka naɗe mu da zane. Matan benci suka yi ta guɗa, wata ta ce, "Ga kanguro mai furfura!" Na ce mata furfurar ta fi haƙoran da ba ta da su. Yanzu kullum tana ajiye mini wuri.

Da safe ni nake ɗaukar sa. Ni a gaba a matakala, Nimia a baya hannunta a kafaɗata, gurgu yana jan mai ɗinki. A tasha ba na ɗaga hannu, tsakiyar titi nake shiga da sandata, direba ya tsaya cak yana zagi, in ce masa ya gaida uwarsa, mu hau a hankali. In mun dawo ta shayar da shi, ta miƙo mini, ta kwanta. A miƙe, kompadre. Ranar farko da ta kwanta a miƙe ta yi barci har da minshari, bakinta a buɗe kamar tana 'yar shekara biyar. Na zauna a kujera ban motsa ba har ƙafata ta mutu. Zuciyarsa tana bugawa a kan tawa, da sauri, kamar ta tsuntsu. Ba ni da waƙar raino, ka sani, na rakiyar mamaci kaɗai na iya. Su nake masa a hankali, ba ya ƙi.

Garin nan ba shi da kogi. Akwai wani abu a cikin siminti da suke kira kogi, ba zan zubar da mutuncinka in kwatanta maka ba. Da asuba kunnena yana neman ƙarar ruwa a gindin gida, sai in ji mota. Ina ganin lokacin hawan kifi zai yi ba ni nan. Ka sa Eulogio ya juya kwalekwalena kada rana ta tsaga shi. Cibiyar tana cikin wannan ambulan, ka ba Pura ta ajiye, kada kowa ya binne sai na zo. Kai kada ka taɓa, za ka iya karanta ta a matsayin wani abu.

Na san za ka tambaye ni yaushe zan dawo. Na tambayi nas ɗin yaushe ake gama wannan aikin. Ta ce ba su ne suke faɗa ba, yaron ne. In ya ƙosa zai fara gumi, ya yi ta miƙa, ya turo ƙafa waje, ya ƙi zama. A ranar an gama ke nan, a sa shi a gado kamar kowane ɗa, kaka ya koma gidansa.

Jiya da rana Nimia tana barci, na ji yana motsi. Na duba, sai ga ƙafa ta leƙo ta ƙasan zanen, 'yar ƙafa da yatsu biyar, tana shure iska. Na dube ta. Na dubi ƙofa. Na kama ta da yatsa biyu na mayar ciki, na gyara ɗaurin.

Nimia, wannan kada ki rubuta.

Kompadrenka,
Nicomedes Ibargüen